Lahadi A Bakin Iyaka

Duk wanda ya san Jibiya ya san cewa Lahadi a can ba ranar hutu ba ce, ranar kasuwa ce. Tun da jijjifi motocin Katsina da na Maraɗi suke fara tururuwa, ga masu amalanke daga ƙauyuka, ga 'yan canji sun baje naira da sefa, ga dillalan hatsi da na dabbobi kowa yana jiran rabonsa. Abin da mutum zai samu a wannan rana guda, sau da yawa shi zai ci har wata Lahadin ta zagayo. To, mu Kiristocin da zama ko aiki ya kai mu wannan gari, ita ce kuma ranar sujadarmu. Ƙararrawar majami'a da hayaniyar kasuwa a lokaci ɗaya suke kiran mutum, shi kuwa ba zai rabu biyu ba.

Ba mu da yawa, kuma ba daga wuri ɗaya muka fito ba. Akwai Masihiyawa Hausawa 'yan asalin Malumfashi da Kafur da Matazu, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, akwai Inyamurai masu sayar da kayan gyaran mota da magunguna, akwai Yarbawa, akwai masu kaki iri-iri waɗanda aka turo su aikin iyaka daga Filato ko Binuwai ko kudancin Kaduna, yau suna nan gobe an yi musu canji. Sannan akwai 'yan'uwanmu na Nijar da kasuwa ke kawo su, su tsaya su yi sujada tare da mu kafin su shiga harkarsu. Hausa ce take haɗa mu duka, ko da wani ta bakinsa ta ɗan karkace.

A manyan birane idan mai wa'azi ya ce a bauta wa Allah da zuciya ɗaya, kowa sai ya gyaɗa kai, domin shaguna a rufe suke, ofisoshi a rufe suke, ba abin da mutum ya bari ya zo. A Jibiya maganar tana da farashi, kuma ana iya ƙirga shi da naira. Mun san mai shagon da yake garƙame ƙofarsa har azahar kowace Lahadi, yana ji yana gani direbobin Maraɗi suna wucewa wurin wani. Mun kuma san wanda maƙwabcinsa Musulmi ne yake tsare masa shago har a tashi sujada, ya sayar masa ya ajiye kuɗin cif-cif, shi kuma ran Juma'a ya rama masa. Wannan tsari babu wani taron zaman lafiya da ya ƙulla shi, babu jarida da ta taɓa buga shi, zaman tare ne kawai ya haife shi.

Sai dai rufe shago ƙaramar jarrabawa ce. Babbar tana cikin kwanon baiko, kuma kafin mu kai gare ta ya kamata mu ɗan waiwaya, don mai karatu ya san irin iyakar da muke magana a kanta.

Layin da ya raba Magama da Ɗan Isa bai girmi kakanninmu ba. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina arewa suka yi suka kafa mulkinsu a Maraɗi, shi ya sa har yau sarkin can ake ce masa Sarkin Katsina, kamar yadda na Tsibiri yake Sarkin Gobir. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka bar wa wani gonarsa a ƙasa ɗaya, gidansa a wata. Masu mishan ma da suka zo daga baya ba su ɗauki layin da wani muhimmanci ba. Ƙungiyar SIM ta shiga Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri a 1927, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta riƙe wurin jinyar kutare a Danja kusa da Maraɗi, kamar yadda ta riƙe na Babbar Ruga a bayan garin Katsina. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a Nijeriya a 1954, ita kuma 'yar'uwarta EERN ta tsaya a Nijar wajen lokacin samun mulkin kai. Uwa ɗaya, 'ya'ya biyu, ɗaya yana cike takarda da Turanci, ɗaya da Faransanci. Amma idan aka zo sujada littafi ɗaya ake buɗewa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, da hannun Likita Mila na Wusasa a cikin aikin, wato shekara biyu kafin a buga Ruwan Bagaja, abin da mu marubuta ba kasafai muke tunawa da shi ba idan muna lissafin tarihin rubutun boko. Har yau za ka gane tsohon da ya tashi da wannan fassara, domin shi Yohanna da Matta yake cewa, yara kuwa da suka tashi da fassarar ƙarshen shekarun 1970 su ce Yahaya da Matiyu.

Shi Matiyun nan, abin da ya sa muka ambace shi, ɗan iyaka ne irinmu. A Kafarnahum yake zaune a rumfar karɓar kuɗin fito, kusa da inda ƙasar Hirudus Antibas ta yi iyaka da ta ɗan'uwansa Filibus, daga nan aka kira shi ya bar teburin. Zakka kuwa shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, garin da fatake ke ratsawa, kuma tubansa ba a baki ya tsaya ba, rabin dukiyarsa ya yi alkawarin ba matalauta, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu. A babi na uku na Bisharar Luka ma, masu haraji da sojoji sun je wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su ajiye aikin ba. Ya dai hana masu harajin ɗora wani abu a kan abin da doka ta yanka, ya hana sojojin ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Idan aka karanta wannan wuri a wata majami'a a Kaduna, labarin mutanen da ne. Idan aka karanta shi a Jibiya, sai ka ji majami'a ta yi tsit, domin waɗanda ake magana da su suna zaune a benci na biyu, kuma waɗanda aka tatsa a hanya jiya suna zaune a na uku.

A tsakiyar watan Yuli na 2018 aka yi ruwan da mutanen Jibiya ba za su manta da shi ba. Cikin dare ya sauko, gulbi ya cika ya tumbatsa, gidaje suka rushe, mutum fiye da arba'in suka rasu, wasu gawawwakin sai a cikin ƙasar Nijar aka tsinto su, domin ruwa bai san shingen kowa ba. Mu abin da ya same mu ƙarami ne idan aka kwatanta: a cikin daminar nan iska ta yaye rufin 'yar majami'armu, bango ɗaya ya tsage. Muka koma yin sujada a ƙarƙashin rumfar zana da tamfol, aka buɗe asusun gini, ana tara abin da ya sawwaƙa.

Ana cikin haka sai a watan Agusta na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda bai zauna a garin iyaka ba, ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Gari ne da numfashinsa shi ne shige da fice. 'Yan dako, 'yan kamasho, masu abinci, masu faci, 'yan canji, kowa ya wayi gari hannu rabbana. Da aka buɗe iyakoki huɗu a watan Disamba na 2020, su Illela da Maigatari, ba a sa Jibiya a ciki ba, sai a watan Afrilu na 2022. Amma fa kaya ba su daina shigowa ba. Sun dai bar kwalta sun koma daji, buhu biyu buhu uku a bayan babur, kuma kowace hanya da mai tsaronta, kowane mai tsaro da abin da ake miƙa masa. Talauci ya sauka a kan mutane da yawa, arziki kuma ya sauka a kan 'yan kaɗan, dare ɗaya.

A wannan lokaci ne wani ɗan'uwa mai kaki ya kawo ambulan. Ba za mu faɗi ko wane irin kaki ba ne, domin kakin da ke kan hanyar nan sun fi a ƙirga. Mutum ne mai fara'a, mai murya, shi ke jan waƙa idan mai jan ba ya nan. Abin da ke cikin ambulan ɗin ya isa ya sayi kwano da katako da ƙusa har da ladan kafinta, kuma kowa a cikinmu ya san albashin mai igiya irin tasa, ko na shekara aka haɗa, bai kai haka ba. Ma'aji ya kawo maganar gaban dattawa, mu kuma muna zaune da biro, da yake mu ne masu rubuta abin da aka tattauna.

Fastonmu na lokacin dattijo ne ɗan ƙasar Malumfashi, wanda ya fara da aikin mai bishara a ƙauye, a kan keke. Ba shi da zafin wa'azi, hasali ma matasa suna ƙorafin cewa yana sa su gyangyaɗi. Ya saurari kowa. Wani dattijo ya ce kuɗi ba su da wari, kuma da zarar an ɗora su a kan bagade an yi addu'a sun tsarkaka. Wani ya ce mu ba alƙalai ba ne, wa ya sani ko gado ya ci, ko gona ya sayar? Shugabar zumuntar mata, wadda ita ce ta fi kowa gaskiya a ranar, ta ce, "Baba Fasto, ku maza kuna zaune ta wajen bango. Mu da yara muke bakin rumfa, mu ruwa yake duka. Damina biyu ke nan." Fasto ya ce ya ji, kuma a ba shi kwana uku.

Abin da ya yi shi ne ya tafi gidan mutumin da dare, shi kaɗai, ya tambaye shi. Bai aika a kira shi ba, bai kuma yi masa habaici daga kan mumbari ba. Daga baya shi mai kakin ne da bakinsa ya ba mu labari. Ya ce tsohon ya zauna a kan tabarma, ya sha ruwa, ya tambayi iyali, sannan ya ajiye ambulan a tsakaninsu ya ce, "Ɗana, in ka ce mini guminka ne, zan ɗauka in tafi, ba zan ƙara tambaya ba." Ya ce ya buɗe baki zai ce guminsa ne, sai maganar ta ƙi fita. Tsohon ya bar masa ambulan ɗin, ya yi masa addu'a, ya ce ran Lahadi shi zai ja waƙa.

Da labari ya koma wa dattawa, ba kowa ne ya ji daɗi ba, kuma masu jin haushin suna da hujja. A cikin ikilisiyar nan akwai wata gwauruwa da ɗanta yake ɗauko shinkafa ta daji a kan babur, kowa ya sani, kuma kowace Lahadi tana jefa naira ɗari ko ɗari biyu a kwano, Fasto bai taɓa mayar mata ba. Suka ce ashe mudu biyu ake awo da shi? In kuɗin shinge haram ne, kuɗin fasa-ƙwauri fa? Ba Bulus ne ya rubuta wa Romawa cewa a yi biyayya ga hukuma a kuma biya haraji ba? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma mun daɗe muna juya ta. Amsar Fasto gajeriya ce. Ya ce yaron yana karya doka, kuma ya faɗa masa haka ido da ido, yana kuma nema masa wurin koyon walda. Amma yaron kansa yake sakawa a haɗari don uwarsa ta ci tuwo, shi kuwa wancan an ba shi amana da bindiga ya tsare hanya, sai ya mayar da hanyar gonarsa, kuma a cikin waɗanda yake girba har da yaron. Ya ce in aka rufa majami'a da kuɗin nan, to gwauruwar ta biya sau biyu ke nan, sau ɗaya a daji, sau ɗaya a kwano, sunan wani kuma za a rubuta a bango.

A ganinmu Fasto ya yi daidai, ko da yake ba za mu ce amsarsa ta share kowace ƙura ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dalilin da bai faɗa ba a taron, wanda duk mai zama a garin iyaka ya san shi. Ranar da shugaban ikilisiya ya karɓi irin wannan ambulan, ranar ya sayar da babi na uku na Luka. Zai ci gaba da karanta shi, amma zai riƙa sauri idan ya zo wurin, idonsa ba zai ƙara sauka a benci na biyu ba. Bakin da ya ci shi ke jin kunya. Mun ga majami'u masu tayil da fanka da janareta inda mai wa'azi yake iya tsawata wa yarinya a kan ɗankwali na rabin awa, amma bai taɓa tambayar shugaban kwamitin gini inda ya samo motarsa ta uku ba. Kuma kada 'yan'uwanmu Musulmi masu karanta wannan mujalla su ce wannan ciwon gidan maƙwabta ne, mun tabbata su ma sun san masallacin da aka gina da kuɗin da liman ba ya son a tambaye shi asalinsu.

Shugabanci irin wannan ba shi da ado, shi ya sa ba a rububinsa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ma'aikacin ikilisiya da yawa idan aka ce an tura shi bakin iyaka yana ɗauka horo ne aka yi masa, musamman da 'yan bindiga suka addabi yankin, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure aka kuma katse layukan waya. A watannin nan babu mai iya kiran wani ya ji ko ya kwana lafiya. Tsohon nan da ƙafa yake zagaya gidajen mutanensa, kuma iyalinsa suna nan tare da shi, bai kai su Katsina ya ɓoye ba. A Littafi Mai Tsarki makiyayi ake kiran shugaba, mu kuwa a nan ba sai an fassara mana kalmar ba, kullum muna ganin Bafulatani yana ratsa iyaka da garkensa, rana ɗaya take dukansu, ƙaya ɗaya suke takawa.

Ta wancan gefen ma an gwada shugabanni, da wuta ma. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, 'yan sanda suka ce a Yamai kaɗai majami'u 45 aka cinna wa wuta. A watan Yuni na 2019 kuma aka ƙona wata a cikin garin Maraɗi. Kiristocin Nijar ba su zana komai ba, da yawansu ko jaridar ba su taɓa gani ba. Abin da muka ji daga bakin waɗanda suke zuwa mana kasuwa shi ne shugabanninsu sun hana ramuwa, sun tara mutane a cikin toka sun yi sujada, kuma ba su manta da faɗin cewa akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu ba. Da aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, har zuwa watan Maris na 2024, bencin da suke zama ya yi wata bakwai babu kowa. A cikin watannin nan ne Paparoma ya yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinta na farko a watan Disamba na 2023. Mu ba 'yan Katolika ba ne, amma mun yi murna, mun kuma yi masa addu'ar samun ma'aikata masu yarda a tura su inda kwalta ta ƙare.

A nan za mu ɗan yi wa kanmu marubuta tsegumi. Tun daga littattafan soyayya da suka cika kasuwa a shekarun 1990 har zuwa na yau da ake karantawa a waya, da wuya ka ga Kirista Bahaushe a cikin labari, in ma ya fito to ko dai direba ne mai gurɓatacciyar Hausa, ko kuwa yarinya ce da za ta musulunta a babi na ƙarshe. Malami ko fasto kuwa, ko waliyyi ne tsantsa ko mayaudari tsantsa. Ga mutum yana zaune a kan tabarma da ambulan a gabansa, rufi yana yoyo a kan matan ikilisiyarsa, kowace hanya ya bi akwai wanda zai cutu. Masu neman abin rubutawa, me ya fi wannan?

Rufin dai sai a ƙarshen 2021 aka gama shi. Zumuntar mata ce ta ɗauki kaso mafi girma, da adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita shugabar tasu da ta yi ƙorafin ruwa ita ce ta riƙa bi gida-gida. Mai shagon kayan mota ya sayi ƙusa, wani maƙwabcinmu Musulmi kafinta ya yi aikin ya rage rabin ladansa. Kwanon ba mai kauri ba ne, idan ana ruwa sai mai wa'azi ya ɗaga murya.

Shi kuwa mai kakin, Lahadi uku bai zo ba, a ta huɗu ya zo ya ja waƙa. Ba mu san abin da ya yi da ambulan ɗin ba, Fasto bai tambaye shi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin da muka sani shi ne ya nemi a ɗauke shi daga hanya a mayar da shi aikin ofis, abokan aikinsa suna yi masa dariya suna cewa an yi masa asiri, matarsa kuma ta yi wata biyu ba ta gaida Fasto. Kafin a buɗe iyaka aka yi masa canji zuwa wata jiha. Yaron gwauruwar ya yi wata huɗu a wurin walda, ya gudu ya koma babur, daga baya ya sake dawowa. Fasto ya yi ritaya ya koma ƙauyensu yana noman dawa, wanda ya gaje shi matashi ne mai digiri, kuma a watansa na biyu aka kawo masa tasa ambulan ɗin.